Ashe a Mota Ya Ɗauki Fim Ɗin

Jiya a flat ɗinmu na unguwar Catford muka zauna kallon fim ɗin da maigidana ya shekara ashirin yana cika min baki da shi.

Kullum labarin ɗaya ne: wasu masu shirya fim sun zo Bakori da kyamara ɗaya, suna bin gari gari suna sa mutanen wurin a wasa, kuma shi ya ɗauki fim ɗin. Har 'yarmu Hanifa ta baza a makaranta cewa babanta darakta ne.

Sai ga ƙaninsa ya tono kaset ɗin, ya turo mana bidiyon ta waya.

Mai shayi ya fito a alƙali, ladan ya fito a ɗan sanda. Da aka zo jera sunaye, sai na ga sunan maigidana: "Ɗaukar kaya: Sale Direba."

Na ce, "Baban Hanifa, ba kai ka ɗauki fim ɗin ba?"

Ko a jikinsa. Ya ce, "Ni na ɗauke shi mana. Daga Bakori har Funtuwa, a bayan akori-kura."

Jama'a ku yi mana alƙalanci: ƙarya ya yi min, ko Hausa ce ta cuce ni?