Ƙudan Zuman Wajen Mai Shayi

Saura kwana goma sha biyu iƙamata ta mutu ranar da na share ƙwarin wata malama zuwa bola. Iƙama ita ce takardar zama, kuma kafilina, mai masana'antar da ya ɗauko ni daga Kano, shi ne zai sabunta ta in ya ga dama. Sau biyu ina tuna masa, sau biyu yana cewa insha Allahu ba tare da ya dube ni ba. Watan da ya wuce ya ba wani ma'aikaci huruj, wato sallama zuwa gida, don ya fasa babban gilashi.

A Birnin Masana'antu na Biyu muke, muna haɗa firam na katako da gilashi. Aikina shara, dako, da feshin magani, domin kafilin nan ba abin da yake tsoro irin gara. Kwana biyu kafin ranar na yi feshi. Ranar kuwa na shigo bayan Azahar na tarar da jarida shimfiɗe a kan tebur, matattun ƙwari jere a kai. Har daɗi na ji, na ce magani ya yi aiki. Na naɗe jaridar na jefa a babban kwandon waje, kan garin katako.

Mudir ɗinmu, wato manaja, wani Bamisire mai saurin fushi, ya dawo daga masallaci ya dubi teburin, sai na ga fuskarsa ta sauya. Da ƙyar na gane bayaninsa. Wata malamar makaranta 'yar Amurka ce ta kawo su a saka mata a gilashi don ɗalibanta. A ƙasarsu, wai, jihohi suna da ƙwaron da gwamnati ta zaɓa ya zama alamarsu, kamar tuta. Shi ya jera su don ya auna, ya tafi salla. Bayan La'asar za ta zo ta duba jerin, tare da kafil.

Ni dai na san gari da kirari, ban taɓa jin gwamnati ta zauna a kan ƙwaro ba. Amma ba lokacin mamaki ba ne. Na tuna matata da yara uku, da ginin da na bari ba rufi.

Kafintanmu wani dattijo ne ɗan Damagaram, wanda kullum sai ya kira ni bawansa saboda wasan da ke tsakaninsu da Kanawa. Ranar bai yi wasa ba. Ya ajiye zarto ya ce in zo mu kifar da kwandon. A cikin ranar nan mai dafa ƙwaƙwalwa muka durƙusa muna tone garin katako da yatsu. Garin ne ya cece ni, don da yawansu ba su karye ba. Muka tsinto mazari, da ƙoƙi-ƙoƙi, da wata 'yar ja mai ɗigo-ɗigo, da malam-buɗe-littafi guda huɗu, ɗaya fiffikensa ya cire. Dattijon ya sa tabarau, ya ɗauki matsefata da ɗigon gam, ya mayar da fiffiken yana riƙe numfashi. Mudir ya ƙirga da takardarsa. Ƙudan zuma ne babu.

Mun tankaɗe kwandon sau uku, babu shi babu alamarsa. Mudir ya ce shi ba ruwansa, in an tambaye shi zai faɗi wanda ya yi.

"Ƙudan zuma ai ƙudan zuma ne," in ji dattijon. "Tashi, bawana, je wajen mai shayi."

A bakin titi akwai mai shayi da ƙudaje ke damun sukarinsa, har da na zuma. Na kama ɗaya da kofi, ya kuɓuce. Na biyu na cafke shi da hannu saboda gaggawa, ya harbe ni a babban yatsa kafin in tura shi cikin kwalba. Na fesa masa magani, na shanya shi a kan rufin mota. Kafin a kira La'asar ya bushe, yatsana kuma ya kumbura suntum. Muka jera shi a gurbinsa. Raina bai so ba, na san ha'inci ne, amma tsoro ya fi ƙarfina.

Suka iso. Malamar dattijuwa ce doguwa, sanye da abaya, gashinta duk furfura. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba takardarta. Ta wuce malam-buɗe-littafin da aka yi wa gyara ba ta lura ba. Da ta zo kan ƙudan zuman sai ta tsaya. Ta sunkuya, ta daɗe. Ni ina gefe riƙe da gilashin da za a rufe su da shi, ba halin ɓoye hannu. Ta ɗago ta dubi mudir, ya sunkuyar da kai. Ta dubi dattijon, da garin katako har cikin gemunsa. Sannan idonta ya sauka a kan yatsana, ya tsaya nan.

Kafil ya gaji da shirun. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Tamam?" Wato komai daidai?

Na riga na fara lissafin yadda zan gaya wa matata.

"Tamam," in ji ta.

Ta sa hannu a takarda ta fita, ba ta sake kallon teburin ba.

Bayan mako guda aka sabunta iƙamata. Ranar da muka kai firam ɗin makarantarsu, muna hanyar dawowa, mudir ya gaya mini abin da ta faɗa masa tun ranar da ta kawo su, abin da ya ɓoye mana don kada gwiwarmu ta yi sanyi. Sauran ƙwarin sayen su ta yi. Ƙudan zuman ne alamar jiharsu, kuma daga amyar mahaifinta ta ɗauko shi, shekarar da ya rasu.

Da muka iso na wuce kai tsaye wajen kwandon, ko da na san motar shara ta kwashe shi tun tuni. Na tsaya ina leƙa ciki har dattijon ya fito ya kama hannuna ya ce in zo mu yi salla.