Mangwaron da Kawu Ya Hana Aure

Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, shekara talatin ya yi yana lambun mangwaro. Ba mai rowar abinci ba ne, ko almuru ka je gidansa sai ka ci. Rowarsa ɗaya ce, ta bishiyar da ta fito da kanta a bakin rijiyarsa. 'Ya'yanta ba zare, kuma ba ta nuna sai na kowa ya ƙare, lokacin da dillalai ke bin lambuna da kwanduna wayam.

Masu lambun wajen suna da rumfa a bakin hanya inda suke ɗaure kaya. A nan ake musayar reshe, a nan wani zai ce ya gwada binne ruɓaɓɓun 'ya'ya tsutsa ta ragu, gobe kowa ya gwada. Kawu ma a nan ya koyi yi wa bishiya aure, wato a yanko reshen mai kyau a ɗaura a jikin wata. Abokinsa Dogo ne ya riƙe masa hannu a yankan farko.

Da labarin bishiyar ya bazu, Dogo ya zo neman reshe. Kawu ya ce ba lokacin yanka ba ne. Ya dawo da damina, aka ce masa wuƙa ta dakushe. A zuwa na uku Dogo ya yi dariya ya ce, "Surukina, faɗi sadakin kawai. 'Yar nan taka fa tana tsufa a gida."

Kawu bai yi dariya ba. Gani yake in kowa ya samu, dillalai za su daina yi masa layi. Ya ɗaura wa kansa guda takwas a jere, duk reshen da ya sare kuma sai ya ƙone. Da tsiyar 'yan rumfa ta ishe shi, ya daina zuwa.

Shi ya sa bai ji ba lokacin da aka fara maganar wani ciwo mai sa ƙaro ya riƙa tsiyaya a jikin bishiya. 'Yan rumfa sun gano cewa wuƙa ce ke yawo da shi, suka koma gasa ta a wuta kafin su taɓa wata bishiyar. Kawu yana ta yi wa bishiyoyinsa aski da wuƙarsa ɗaya. Cikin shekara biyu takwas ɗin suka bushe, uwar ma ta fara zubar da ganye.

Matarsa ce ta je ta gaya wa matar Dogo. Washegari sai ga Dogo da mutum huɗu, ba wanda ya tayar da tsohuwar magana. Suka zaɓi rassan da ke da sauran kore, guda ashirin da shida, kowa ya kai lambunsa ya ɗaura.

Bayan sati uku Kawu ya bi su lambu-lambu ana kwance ledar da aka naɗe ɗaurin da ita. Duk wanda aka buɗe, baƙi ne a ciki. A lambun Dogo aka buɗe na ƙarshe. Kawu ya daɗe yana murza busasshen reshen a hannu, sannan ya ce, "Da na ba ka tun ranar."

Dogo ya ce, "Da ka ba ni." Ya karɓi reshen ya jefa a wuta, don kada ya shafi nasa.

Kawu ya koma zama a rumfa, ya yi shekara shida yana zuwa kafin rasuwarsa. Mu da muka sha mangwaron nan muna yara, har yau in mun kwatanta wa ƙannenmu ɗanɗanonsa, cewa suke muna ƙari.