Rijiyar da Ba Ta Cikin Taswira

Shekara talatin da huɗu da wata bakwai Baban Gona ya yi yana aiki a babbar gonar kamfani. Lebura ya shigo, ya zama mai gadi, daga baya aka ɗora shi a kan leburori. Sunansa na gaskiya yana cikin fayil a ofis, amma babu mai kiransa da shi. Gonar eka ɗari biyu da sha takwas ce, kuma babu taku ɗaya a cikinta da ƙafarsa ba ta sani ba. Idan aka ɗauki sabon ma'aikaci, shi ake haɗa shi da shi kwana uku, ya nuna masa inda wayar lantarki ta yi ƙasa, da inda kasa ke kwanciya a gindin tulin duwatsu, da gefen kwazazzabon da ke zaftarewa duk damina.

Da gwiwarsa ta hagu ta fara ƙin tafiya, likita ya rubuta takarda, ofis ya sa masa ranar ajiye aiki: ƙarshen wata. A satin ne manaja ya turo masa jami'ar kula da lafiyar ma'aikata, mace mai fara'a da kowa ke kira Malama. Ta zo da waya babba da hular rana, ta yi masa bayani a tsanake. An sayo manhaja da za ta riƙe taswirar gonar. Za su bi iyaka da ƙafa, wayar tana zana layi a bayansu, kuma duk inda akwai haɗari za ta sa jan ɗigo. Sabuwar taraktar da aka kawo tana da allo a gaban direba, idan ya kusanci jan ɗigo sai ta yi ƙara.

"Wato dai za ki juye ni cikin waya," in ji shi.

"Ina wayar da za ta ɗauke ka, Baba? Kaɗan zan tsakura."

Direban taraktar autansa ne, ɗan shekara talatin da ɗaya, mai mata da 'ya'ya biyu, wanda har yau uban ke kira Auta a gaban mutane.

Ranar farko suka bi gefen yamma da na kudu. Malama tana tambaya, yana amsawa, sai dai shi ba da sunan haɗari yake tuna wuri ba, da wanda ya ji ciwo a wurin yake tunawa. Nan ne wani lebura, Dogo, ya karye. Nan ne zuma ta kori mai feshi har ya bar takalmi ɗaya. Ita kuma ta zaɓi abin da manhajar ta tanada: rami, gangare, ƙwari masu harbi. Kafin su tashi sun sa ɗigo goma sha ɗaya, ya koma gida yana jin daɗin da bai yi zato ba.

Ɗigo na sha biyu ne ya hana shi sakewa.

A kusurwar gabas, can ƙarshen gonar, akwai wani ɗan fili da ciyawa ta rufe. A nan ɗakinsa na gadi yake a da, kuma a nan ya zauna da matarsa shekara tara. Gajeriya yake ce mata, ita kuma ta ce ai gajarta ba ta hana ta hango ƙaryarsa. Lokacin da take da cikin Auta, ruwa sai an je rafi, tafiya mai nisa da tulu a ka. Bai nemi izinin kowa ba, ya ari diga da shebur, ya haƙa mata rijiya a bayan ɗaki, gaba shida, cikin kwana goma sha tara. Ranar da ruwa ya fito ta leƙa, ta ce ta ga fuskar wata mata mai sa'ar miji. Da ruwan rijiyar aka yi wa Auta wankan farko.

Bayan an ja famfo an gina wa ma'aikata gidaje a bakin hanya, sai aka rushe ɗakin. Ya rufe bakin rijiyar da katako da kwanon rufi, ya zuba ƙasa, ciyawa ta ƙarasa aikin. Gajeriya ta rasu shekara goma sha biyu da suka wuce. Gidan da suka koma an sake masa fenti sau uku, babu abin da ya rage nata a ciki. Rijiyar ce kawai take nan yadda ta bar ta.

Bai taɓa barin wurin ya cuci kowa ba. Duk ranar da za a yi huɗa a kusurwar, shi da kansa yake tsayawa a kan filin, yana ɗaga wa direba hannu ya kewaye. Direbobi sun ɗauka wata al'adarsa ce ta tsufa. Amma ya ji Malama da kunnensa tana cewa duk tsohuwar rijiyar da ta shiga taswira, doka ce a cike ta cikin mako guda.

Rana ta biyu suka bi gefen gabas, bai ambaci rijiyar ba. Wayar ta rasa sabis a hanya, don haka suka sake bi washegari, nan ma ya wuce ta. Malama ba ta yarda da awo biyu idan ba su yi daidai da takardar fili ba, sai suka bi na uku. Da suka zauna hutawa a inuwar sito, ta matso da wayar kusa da shi, ta buɗe taswirar da yatsu biyu. A takarda, iyakar gabas miƙaƙƙiya ce kamar zaren magini. A wayar kuwa layuka uku ne, kowanne ya zo wuri guda ya lanƙwashe, ya kewaye wani abu da ba a gani, sannan ya koma hanya.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita a bayansa take tafiya, inda ya taka nan take takawa, don haka lanƙwasar ba tata ba ce.

"Baba, bakinka ya ba ni sha ɗaya. Ƙafarka ta ce akwai saura."

Ya daɗe yana kallon layukan. Ya ga tafiyarsa ta shekara ashirin da biyu a zane, ƙarama kamar gashin gira. Sai ya lissafa abin da ya daɗe yana ƙin lissafawa: huɗar kusurwar gabas ranar uku ga wata ce, shi kuwa ranar talatin zai miƙa makullai. Katakon ya girmi jikokinsa duka. Taraktar ta fi tan huɗu. Kuma Auta yaro ne mai bin abin da allo ya ce.

"Tashi mu je, 'yata," in ji shi.

Ya share ciyawar da sandarsa, ya ƙwanƙwasa, kwanon ya amsa da muryar rami. A tsaye a wurin ya ba ta labarin duka, har da kwana goma sha taran. Ta saurara, ba ta taɓa wayar ba sai da ya gama. Sannan ta sa jan ɗigon, ta zaɓi tsohuwar rijiya, ta rubuta zurfi. Ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, cikewa za a yi. Amma akwai gurbi ɗaya da manhajar ta bari a buɗe, na sunan wuri, kuma ɗigon zai zauna a taswira ko bayan an cike, domin ƙasar ciko kan lotsa. Wane suna za ta sa?

Ya faɗa mata. Ta rubuta, ta karanta masa harafi harafi don ya tabbatar.

Ranar cikon Auta ne ya jawo ƙasar, tirela huɗu. Uban ya tsayar da shi kafin a juye ta farko, ya sa aka ɗaga kwanon, ya ce ya leƙa. Akwai ɗan ruwa can ƙasa, yana ƙyalli. Auta ya leƙa ya daɗe, da ya ɗago sai ya karɓi shebur daga hannun tsohon ya ce gwiwa, Baba.

Ranar uku ga wata, da yamma, Baban Gona yana zaune a ƙofar gida ya miƙe ƙafa a kan kujera, Auta ya shigo da ƙurar huɗa har a gira. Ya ce yana isa kusurwar gabas taraktar ta yi ƙara, allon ya rubuta Rijiyar Gajeriya.

"Ka kewaye?"

"Inna ce fa ta yi magana. Yaushe na taɓa ƙetare maganarta na kwana lafiya?"

Tsohon ya yi dariya har sai da ya goge ido da bakin riga. Sannan ya tambaye shi taku nawa ya bari tsakaninsa da wurin. Auta ya ce biyar. Ya ce badi ya ƙara ɗaya.