Matar da ke Cikin Tabarau

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana shafa wa manyan mutane fenti a fuska, kuma ba wanda ya taɓa kai masa mari. A hoto nake nufi. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin bene, bango ɗaya da mai gyaran agogo. Mawaƙa da 'yan fim da 'yan ƙwallo kan zo ya ɗauke su, ya wanke ƙaton hoto fari da baƙi, ya shimfiɗa a tebur, ya bi shi da burushi. Wani ya yi masa jar riga, wani ya zuba masa ruwan zinariya a bayan kai.

Matarsa, da muke kira Inna, ita ce mai riƙe allo. Farin allo ne da ake karkatawa ya maido hasken taga kan fuskar wanda za a ɗauka. Tana tsaye gefen kyamara, hannu a sama, baki ba hutu.

"Malam, ɗauka mana, kafaɗata ta mutu."

"Ɗaga kaɗan, Shugaba."

"Shugabar allo ba! Ni yaushe za ka ɗauke ni?"

"Ke da muke gida ɗaya? Gobe."

Har Inna ta rasu goben nan ba ta zo ba. Gidan mai hoto, amma ko na bango babu nata.

Bayan shekara biyu da rasuwarta na same shi zaune, burushi ya bushe a hannunsa. Ya ce, "Muryarta tana nan, har faɗa take mini. Fuskar ce ba ta tsayawa. In na kamo goshi, sai haɓa ta gudu." Na ce ya zana ta mana. Ya girgiza kai. Shi bai iya zane daga ka ba, sai an ba shi hoto ya hau kai.

Ana nan, wata mai gidan baje kolin zane ta zo neman tsofaffin ayyukansa. Suna cikin zaro su daga bayan kabad ta yi karo da hoton wani mawaƙi da ba ya rabuwa da baƙin tabarau. Ta ce wannan za ta rataye a bakin ƙofa. Kawu ya ƙura wa hoton ido, sai ya nemi kujera.

Ka san gilashin tabarau yakan kwaso duk abin da ke gabansa. Shi kuwa Kawu a ƙa'idarsa wannan ƙazanta ce, kullum sai ya bi ta da baƙin fenti ya rufe. Wa ke tsaye gaban mawaƙin ran nan? Mai riƙe allo. Fim ɗin da aka wanke hoton daga shi kuwa, damshi ya cinye tuntuni. Kawu ya ce sai ya cire baƙin fentin nan.

"Baba, in ka taɓa shi ya lalace fa," in ji mai baje kolin.

"'Yata, shi duniya ta san fuskarsa."

Ya naɗa auduga a tsinke, ya tsoma a man cire fenti, ya fara da gilashin hagu. Ɗoki ya kwashe shi, ya danna da ƙarfi, fentin ya taso da fatar hoton gaba ɗaya. Sai farar takarda. Kwana biyu bai buɗe shago ba.

Ran na uku da hantsi ya ari madubin ido na mai gyaran agogo, mai ƙara wa abu girma, ya zauna wa gilashin dama. Shafa ɗaya, ya jira. Shafa ɗaya, ya jira. Wajen la'asar kusurwar allo ta fito, sai hannu, sai ɗankwali. Duka-duka ba ta fi farcen babban yatsa ba. Allon ya kare mata ido ɗaya, amma haɓar tana nan, bakin a buɗe.

"Me take cewa?" in ji mai agogo, yana leƙe ta kafaɗarsa.

"Kafaɗarta ta mutu," Kawu ya ce, yana dariya, hawaye na sauka a gemu.

Ya ɗauko burushi zai sa wa ɗankwalin launi, ya daɗe riƙe da shi, sai ya mayar. An yi baje kolin ba mawaƙi a bakin ƙofa. Madubin kuwa, mai agogo ya gaji da zuwa karɓa kowace safiya, ya bar masa.