Sun Kashe Orval Kinch a Lasifika

Sau biyu a rana, tun farkon watan Yuni, wani kamfanin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa yake sanar da mutuwar Orval Kinch a lasifika, shi kuma yana zaune a bencin bakin gada, da ransa da lafiyarsa, yana ɗaga wa fasinjoji hannu.

Ba labari aka ba ni ba, da kunnena na ji. Amma bari in fara gaya muku wanda aka kashe.

Shekarar Orval tamanin da ɗaya. A 1971 ya kama aikin gadar garinmu, wadda ta haye mashigin ruwan Rideau. Irin ta da ce, mai juyawa. In jirgi zai wuce, sai ya tare motoci, ya zura dogon ƙarfe a tsakiyar gadar, ya sa kafaɗa ya yi ta zagaye kamar dokin matsar rake, har ta buɗe. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan. Da ƙarar inji yake gane jirgi tun bai ɓullo kwana ba, har injunan suka cinye masa kunne. Duk wanda ya wuce sai ya gaya masa garin da zai sami wurin wanki da shagon da kek ɗinsu bai kwana ba. In jirgi ya bar hannunsa, sai ya buga waya ga mai tsaron ƙofar ruwa ta gaba, wato madatsar da ake buɗe wa jirage su wuce, in awa ta wuce bai isa can ba, ya hau keke ya bi gaɓa nema. Da hunturu, ruwa ya daskare, shi ke share mana ƙanƙara muna yara mu yi sulu. Ba a biya shi wannan ba, ba a ma sa shi ba.

Al'adarmu ce a nan, in mai gada ya yi ritaya, a kafa masa benci, a manna allon tagulla da sunansa da shekarar da ya kama aiki da wadda ya ajiye. Nasa an rubuta: Orval Kinch, 1971 zuwa 2012. Ko yaron goye a garin nan ya san ma'anarsa. Tun da matarsa Myrna ta rasu, bencin nan ya zama falonsa.

Yayata Glenda ce ta zo daga Winnipeg ta nace sai mun shiga jirgin. Na ce mata shekara hamsin da huɗu ina kallon ruwan nan kyauta ta tagar kicin, ta ce ai shi ya sa na tsufa ban ga komai ba. Muka tafi garin sama muka shiga. Jirgin kan tsaya a garuruwa uku, a sauka a sha askirim, a leƙa shaguna, da yamma ya juyo. Muna tunkarar gadarmu sai aka saki wani kiɗa mai sanyi, wata ma'aikaciya ta fara raba fararen furanni. Muryar namiji, mai daɗi kamar ta mai karanta labarai, ta ce mu dubi hannun dama, ga bencin tunawa da marigayi Orval Kinch, wanda aka haifa a 1971, ya faɗa ruwa daga kan gadar nan yana da shekara arba'in da ɗaya, ba a ƙara ganinsa ba. Wai mu jefa fure don girmama shi.

Na daskare da fure a hannu. Mutum sittin suka tashi suka jefa. Wata mata kusa da ni har da share hawaye. Ga Orval can, da jar hularsa, yana murmushi, ya sa sandarsa mai ƙugiya yana tsamo furannin ɗaya bayan ɗaya don kada su taru a ƙofar ruwa.

Glenda ta kama hannuna. "Doreen, wancan ba shi ba ne?"

"Shi ne, Yaya."

"To ai gawar ta fi ki ƙiba."

Ban yi dariya ba. Da muka sauka na tafi wurinsa kai tsaye, da niyyar gaya masa. Kafin in buɗe baki ya nuna min bokiti cike da furanni, ya ce kullum da yamma yakan kai wa Myrna kabarinta. Wai mutanen bana akwai tarbiyya, ba a taɓa yi masa irin wannan karamcin ba. Ba ya jin abin da lasifikar ke faɗi, kiɗan kawai ke ɗan iso masa. Na haɗiye maganata, na ce Baba Orval, ai ka cancanta.

Washegari na kira kamfanin. Wata mai zaƙin murya ta ce sun gode da na ja hankalinsu. Ta ce wanda ya rubuta bayanin daga hoton bencin ya ɗauko shekarun, faɗawa ruwan kuma ƙari ne don labari ya yi armashi. Na ce to a cire yau. Ta ce an riga an naɗi muryar, sai baɗi za a sake, kuma gaskiya wannan wurin ne fasinjoji suka fi yabawa. Na tambaye ta ko tana da uba. Ta ce za ta isar da saƙona.

Sati biyu ina kai da kawo, ina ɓoye masa, ashe ba ni ce zan gaya masa ba. Wata Asabar jirgin ya tsaya a garinmu, wata fasinja ta tako har gabansa da waya a hannu, ta ɗaga murya cikin ladabi, ta roƙe shi ya ɗan tashi minti ɗaya, tana son ɗaukar hoton bencin mamacin ba kowa a kai. Ya tambaye ta wane mamaci. Ta nuna masa sunansa, ta ba shi labarin nutsewar tiryan-tiryan. Mai shagon askirim ne ya ba ni labari. Orval ya tashi ya ba ta wuri, ya jira ta gama, sannan ya ɗauki sandarsa ya tafi. Bokitin ya bar shi nan.

Na same shi a kicin ɗinsa, labule a sauke. Yana juya kofi ya ce:

"'Yar nan, wata biyu ke nan ina kai wa Myrna furannin jana'izata."

Yau kwana goma sha tara bai leƙo bakin ruwa ba. Bencin babu kowa, jirgi na wucewa, ana jefa fure, ba mai tsamowa. Yanzu ƙaryar ta zauna daram, duk wanda ya duba zai ga wurin mamaci.

Ku masu jirgi, ba sai baɗi ba. Ku kashe muryar nan kafin jirgin gobe da safe ya tashi. Wanda ya ƙirƙiri nutsewar ya zo da ƙafarsa ya ƙwanƙwasa ƙofar Orval, ya faɗi abin da ya yi da ƙarfi yadda kurma zai ji. Sannan ku tsayar da jirginku a bakin gada, ku gaya wa fasinjojinku cewa mutumin da kuka binne musu sau biyu a rana yana nan, ku miƙa masa lasifikar ya faɗi sunansa da bakinsa.