Tanyus, Mai Askin Inabin Da Za A Tumɓuke

Gari na wayewa Tanyus yake fita, almakashi a aljihu, gurasa da zaitun a ƙunshe, ya hau tudun da ke bayan ƙauyenmu a kwarin Beƙa'a. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana kula da gonar inabin gidan Warda, da gangunan da giyar ke nuna a cikinsu. Baƙi kan zo daga Beirut ranar Lahadi, su kurɓa, su lumshe ido, su yabi ƙasa da rana. Wanda ya tsiyaya musu kuwa, ko sunansa ba sa tambaya. Abin ya daɗe yana ci min rai.

Warda, matar marigayi mai gonar, ita ta ba ni labarin shekarar da jirage suka yi ta ruwan wuta ana tsakiyar girbi. Masu tsinka suka watse. Tanyus ya tsinke gonar shi da jakinsa, kwana goma sha tara.

"Na ce masa, Abu Rafiƙ, don da sunan ɗansa muke kiransa, ka haukace ne? Sai ya ce min wai inabi bai san ana yaƙi ba."

Tanyus, kai ne ka hana a sare ubaidi, farin inabin kakanninmu, lokacin da kowa ke rububin dashen inabin Faransa. Kai ne kake tauna ƙwayar inabi ɗaya ka ce a jira kwana huɗu kafin a tsinka, a kuma jira ɗin. Sarkin almakashi, sannu da aiki.

To, bana magana ta ƙare. 'Ya'yan Warda duk suna Kanada, babu mai niyyar dawowa. An sayar da tudun ga mai gina rumbunan ajiya, kuma farkon Maris motar tumɓuka za ta shigo.

Makon jiya na je, na tarar da shi durƙushe cikin sanyi yana datse rassa, yana bar wa kowane reshe idon toho biyu, kamar yadda ake yi don amfanin baɗi.

"Kawu, wa kake wa aski? Wata ɗaya fa ya rage musu."

"Kai da ka yi boko, in tsohonka zai mutu gobe, sai ka bar shi da ƙazanta yau?"

Ya ja ni ɗakin ganguna, ya tsiyaya min giyar bara. Ƙamshinta kamar na sabon tuffa. Daga nan ya nuna min wani rami a bayan ɗakin. Ashe rassan da yake datsewa ba ƙonawa yake yi ba. Ɗaure su yake yi dami-dami, ya binne cikin jiƙaƙƙen yashi. Duk wanda aka dasa kafin bazara zai kama, wanda ya wuce lokacin ya zama makamashi.

"Kyauta nake bayarwa. Ɗan wancan gidan ma na yi wa waya," ya nuna gidan maƙwabci da haɓa. "Ya ce dankali ya fi sauri. Nawa ɗan, Rafiƙ, kuma ya ce, Baba, a bene na tara zan dasa?"

Na sunkuyar da kai, don ni ma a bene nake zaune.

Tanyus, mun gode, ko da yake godiyar ta zo a makare, kuma ba za ta tsayar da mota ba. Ka riƙe amanar da masu ita suka sake. Ku kuma masu karatu, wanda aka ba wa aiki ya yi koyi da wannan dattijo, ya yi shi da kyau har ranar da za a karɓe. Wanda yake da ko taki goma na ƙasa, don Allah ya hau tudun nan kafin Maris. Dami sittin ne a cikin yashi, kuma zuwa ranar da na baro shi, babu ko ɗaya da ya fita.