Mai Ihu a Ɗakin Soso

A wurin aikinmu babu mai kiranta da sunanta. Mai Ihu ake ce mata, mu ƙanana mu ce Anti Mai Ihu, ita kuwa ta amsa ba tare da ta ɗago kai daga saƙar da take yi ba.

Cibiya ce ta horar da masu karɓar kiran gaggawa, waɗanda idan wani ya faɗi a gidanka ka buga musu waya su turo motar asibiti. Ɗalibi zai zauna gaban kwamfuta, wasan gwaji ya buɗe masa: ga taswirar gari, ga motoci, ga waya tana ƙara. Ni aikina in maƙala masa abin auna bugun zuciya a yatsa, in zauna ina kallon layin yana hawa da sauka a allo. Dakta, mai binciken yadda firgita ke taɓa ɗalibai, shi ke tattara sakamakon. Da farko muryar da aka naɗa ake kunna musu, sai ya lura kafin a je ko'ina ɗalibai sun haddace ta, har suna kwaikwayonta a wurin cin abinci. Ya ce shi mutum mai rai yake so, wanda ba a san abin da zai fito daga bakinsa ba.

Haka aka samo ta. A da ita ke kiran sunayen marasa lafiya a layin wani asibiti, ba lasifika, amma har bakin titi ana jin ta. Aka ba ta wani ɗan ɗaki da aka manne bangonsa da soso, kujera ɗaya, abin magana ɗaya, da allo mai rubuta mata masifar ranar: ɗanki ya haɗiye kwalba, mijinki ya yanke jiki ya faɗi. Sai ta ajiye saƙa, ta ja numfashi, ta kurma ihu.

Ranar da na fara jin ta sai da na miƙe tsaye. Layin ɗalibin ya yi sama kamar zai fita daga allon. Abin da ake nema ke nan: a yi ta maimaitawa har ranar da za ta yi ihun layin bai motsa ba. Ranar nan ɗalibi ya ƙware, a ba shi takardarsa. Shekara da shekaru muna auna yatsun mutane, nata dai ba a taɓa aunawa ba. Ba ta cikin binciken, cikin kayan aiki take, ita da kujera da waya, kuma har yau abin yana ba ni haushi.

Mijinta tela ne, wani siririn mutum mai shegen tsokana. Yakan zo ɗaukarta a babur ya ce, "Yau sau nawa na mutu?"

"Kaɗan ne, ka yi sa'a."

Wata rana a gabana ya ce mata, "Ni dai ranar da zan faɗi da gaske, ihun aiki za ki yi mini ko na gida?" Na yi dariya har da riƙe ciki. Ita ba ta yi ba, ta gyara jakarta ta hau bayansa.

A hankali abin ya ci ta. Autarta ta ƙone da ruwan zafi, ta ba ni labarin kamar mai karanta allo. Mahaifiyarta ta rasu, ta dawo aiki ido a bushe. Ta ce mini, "Ƙanwata, na so in yi kuka, sai na ji ina jiran a ce mini fara."

Wata safiya mijin yana neman makullin babur a tsakar gida, ya dafe ƙirji ya zube. Ta buga lambar gaggawa. Yaron da ya ɗauki wayar ɗalibinmu ne a da, yana jin muryar ya ce, "Anti, gwaji ne?" Ta ce ba gwaji ba ne. Daga nan bai ƙara kuskure ba. Ya turo mota, ya yi ta ƙirga mata tana danna ƙirjin mijin, muryarsa ko rawa ba ta yi. Mutumin ya rayu. Da labari ya iso mana Dakta ya yi murna, kuma da gaskiyarsa, horon ya yi amfani.

Bayan an sallami mijin daga asibiti ta dawo aiki. Da hutun rana ta leƙo wurina, ta rufe ƙofa.

"Baban yara ya tambaye ni wanne na yi masa, na aiki ko na gida. Wannan karon ba da wasa ya tambaya ba."

"Me kika ce masa, Anti?"

"Ban sani ba ne. Da motar ta tafi da shi, na tsaya ina jiran allo ya nuna makin ɗalibi." Ta miƙo mini yatsa. "Sa mini abin nan naki."

Na maƙala mata. Ta rufe ido ta faro labarin tun daga makullin babur: yadda kansa ya bugi bakin famfo, yadda leɓensa ya canja launi, yadda autar ta riƙe ƙafarsa tana kiran Baba. Ni hawaye nake yi. Layin kuwa yana tafiyarsa a kwance, kamar na mai jiran mota a tasha.

"Ya motsa?" in ji ta.

Na juya mata allon. Ta daɗe tana kallo, sannan ta gyaɗa kai ta ce, "To."

Sai ƙararrawa ta buga, sabon ɗalibi ya zauna. Ta wuce ɗakin soso da abin a yatsarta, ta manta ba ta cire ba. Allonta ya rubuta: mijinki ya faɗi, ba ya numfashi. Ta ja numfashi ta kurma ihu. A gabana layi biyu ne. Na ɗalibin ya yi sama. Nata yana nan yadda yake.

Da yamma, tunda ba a yarda ya hau babur ba tukuna, mijin ya zo a tasi. Ya leƙo ta taga yana murmushi, bai tambaye ta sau nawa ya mutu ba.